Tiyatar mutum-mutumi da ƙarin da ke fitowa a wuya: yadda nake kallonta daga karkarar Jigawa

A 'yan shekarun nan wani hoton bidiyo yana yawo a wayoyin matasanmu, ana tura shi daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Marar lafiya yana kwance a gadon tiyata, wata na'ura mai hannuwa huɗu ta sunkuyo a kansa, likita kuwa yana can gefe a zaune, ya kifa fuskarsa cikin wani akwati, yatsunsa suna motsi. Bayanin da ke biye da hoton yakan ce yanzu a ƙasashen waje mutum-mutumi ne yake cire ƙari daga wuyan mutum, ba yanka, ba tabo. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke ƙasar Haɗeja, kuma da yake kumburin wuya da na gefen fuska suna cikin abubuwan da ake yawan kawo mana, an sha tare ni da wannan magana a asibiti da ƙofar masallaci da wurin ɗaurin aure. Tambayar kusan ɗaya ce kullum: shin gaskiya ne, in kuma gaskiya ne, ashe ba gara mutum ya dakata har abin ya iso mana ba? Kashin farko na tambayar yana da amsa mai daɗin ji. Kashi na biyun shi ne ya hana ni sukuni, domin na ga abin da jira yake yi wa wuyan mutane.

Da farko ya kamata a san abin da ake cirewa. Ba kowane ƙari ne ciwon daji ba. Akwai wanda yake zaune wuri ɗaya cikin 'yar jakarsa, yana girma a hankali shekara da shekaru, ba ya cin naman da ke kewaye da shi, ba ya kuma yaɗuwa zuwa huhu ko hanta ko ƙashi. Mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a tayirod, wato halittar nan da ke kwance a gaban maƙogwaro wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, irin wannan ne, domin a cikin goma da wuya a sami fiye da ɗaya da ya zama daji. Haka nan ƙullutun da ke fitowa a gaban kunne ko ƙarƙashinsa, cikin babbar ma'ajiyar yawu ta wurin da hangum yake kumburawa, kusan takwas cikin goma ba daji ba ne. Akwai ƙarin kitse mai laushi da ke zamewa a ƙarƙashin yatsa, akwai jakar ruwa da ake haihuwar yaro da ita a tsakiyar wuya ko a gefensa, akwai kuma wanda yake ɓuya can ciki, a gindin harshe ko a bayan 'yar wuya, wanda mai shi ba zai farga ba sai muryarsa ta sauya ko loma ta fara tsaya masa.

Sai dai kasancewar ƙari ba daji ba ne bai sa cire shi ya zama ƙaramin aiki ba, saboda wuya wuri ne matsattse da Allah ya tara muhimman abubuwa a cikinsa. Ta nan hanyar numfashi ta bi, ta nan hanyar abinci ta bi, ta nan manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka wuce. Jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa tsakiyar ma'ajiyar yawun gaban kunne ne, ta rabu rassa biyar a cikinta, kuma in aka yanke ta, baki zai karkace, ido ya ƙi rufuwa. A bayan tayirod akwai siraran jijiyoyi biyu masu motsa murya, waɗanda in aka taɓa ɗaya murya ta dishe, in aka lalata duka biyun numfashi kansa ya gagara. A nan dai wasu ƙananan halittu huɗu suke maƙale, masu daidaita sinadarin kalsiyam a cikin jini, kuma rasa su yakan jawo ɗaurewar yatsu da jijjiga. Saboda haka gwanintar likitan fiɗa a wannan wuri ta fi bayyana a abin da ya bari lafiya fiye da abin da ya fitar.

Wannan gwaninta ta daɗe da samuwa. A tsakiyar ƙarni na 19, cikin mutum goma da aka yi wa aikin maƙoƙo a Turai kusan huɗu ba sa tashi, saboda zubar jini da ruɓewar rauni. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Theodor Kocher, wanda ya yi aikinsa a birnin Bern, shi ya gyara hanyar da tsabta da natsuwa da ɗaure kowace jijiyar jini kafin a yanke ta, har mace-macen suka koma ƙasa da ɗaya cikin ɗari, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1909. Yankan da ya saba yi a gindin wuya, bisa layin da fata take naɗewa, shi ake yi har gobe a Kano da Landan da ko'ina. Na kawo wannan tarihi ne domin in kawar da wani zato da ya fara shiga zukatan mutane, cewa tiyatar hannu ta zama ta marasa galihu. Mafi yawan aikin maƙoƙo da ake yi a duniya yau, har a ƙasashen da suka ƙera na'urar, da hannu ake yin sa.

To mece ce na'urar, kuma me ta ƙara? Wadda ta fi shahara sunanta da Vinci, kamfanin Intuitive Surgical na jihar Kalifoniya ne yake ƙera ta, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2000. Ba ta tunani, ba ta yanke shawara, ba ta motsa ko da ƙwayar zarra sai likita ya motsa ta. Hannu ɗaya yana riƙe da kyamara mai ido biyu, wadda take nuna wa likita cikin jiki da zurfinsa, ta kuma ƙara girman abin da yake gani har ninki goma. Sauran hannuwan suna riƙe da siraran kayan aiki, almakashi da hantsaki da abin ƙona bakin jijiya, waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 5 zuwa 8 ba, kuma kowannensu yana da gaɓa a kusa da bakinsa mai lanƙwasa da juyawa fiye da wuyan hannun mutum. In likita ya matsar da yatsunsa da yawa, na'urar takan mayar da motsin ƙarami, in hannunsa ya yi rawa kuma ta tace rawar ta hana ta isa ga nama. Marar lafiya yana cikin barcin allura kamar kowace babbar tiyata, mai ba da maganin barci yana tsaye a kansa, wani likitan kuma yana zaune a gefen gado yana zuƙe jini da hayaƙi yana sauya kayan aiki. Ke nan aikin bai rage yawan ƙwararrun da ake bukata ba, sai ma ƙara su da ya yi.

Inda na'urar ta fi burge ni, kuma inda nake ganin ta kawo alheri na haƙiƙa, shi ne aikin da ake yi ta cikin baki. Gindin harshe da lungun da ke bayan 'yar wuya wurare ne da ido ba ya kai musu kai tsaye, hannu ma ba ya shiga, domin hanyar lanƙwasasshiya ce. A da, in ƙari ya zauna a can, sau da yawa sai an tsaga wuya daga waje, wani lokacin ma sai an raba leɓen ƙasa an datse ƙashin muƙamuƙi an buɗe shi kafin a kai ga wurin, sannan a mayar a ɗaure da ƙarfe, a huda maƙogwaro a sa bututun numfashi, mutum ya yi makonni yana cin abinci ta robar hanci. Abin ya yi kama da guga da ya faɗa rijiya mai ƙaramin baki, a rasa ƙugiyar ciro shi sai dai a rushe gefen rijiyar. Wasu likitoci biyu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Gregory Weinstein da Bert O'Malley, su suka gwada zura hannuwan na'urar ta baki bayan an buɗe shi da wani ƙarfe an danne harshe, kuma a watan Disamba na 2009 aka amince da wannan hanya domin cire ƙarin da ba daji ba da kuma ƙananan ciwukan daji na maƙogwaro. Ga wanda ya dace da ita, ba a taɓa fatarsa ta waje, ba a karya masa ƙashi, kuma yakan koma haɗiya da magana da wuri. Duk da haka tana da nata haɗarin. Raunin da ke cikin maƙogwaro yakan iya ɓallewa da jini bayan kwanaki, haƙori yakan iya karyewa, harshe yakan daina jin taɓawa na wani lokaci, kuma wanda bakinsa ba ya buɗuwa sosai ba zai samu shiga ba.

Hanya ta biyu daban take, kuma ita ce mafi yawan hotunan da ke yawo suke nunawa. A nan ƙarin ba a ɓoye yake ba, ana iya kai masa da yanka ɗaya a wuya, sai dai ana gudun tabo, don haka ake shigowa daga nesa. A 2007 likita Woong Youn Chung na asibitin Severance da ke Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ya fara cire tayirod ta hammata: a yanka a lungun hammatar, a ɗaga fatar ƙirji a yi hanya har zuwa wuya, sannan a zura hannuwan na'urar. Daga baya aka ɓullo da shiga ta bayan kunne, inda gashi zai rufe yankan, wadda ake amfani da ita wajen ma'ajiyar yawun ƙarƙashin haɓa da jakar ruwan gefen wuya. A ƙasar Tailan kuma likita Angkoon Anuwong ya ba da rahoton mutum 60 a 2016 da ya cire musu tayirod ta cikin leɓen ƙasa da kyamara da dogayen kayan aiki, wasu kuma suka ɗora na'urar a kan wannan hanya. Abin da masu tura bidiyo ba sa faɗa shi ne, a nan yankan bai ragu ba, wuri kawai aka sauya masa. Naman da ake ɗagawa daga hammata zuwa wuya ya fi wanda ake taɓawa a yankan Kocher yawa, aikin ya fi daɗewa, fatar ƙirji takan daina jin taɓawa na watanni, kuma an samu waɗanda jijiyar hannunsu ta taɓu saboda daɗewar da hannun ya yi a ɗage.

Ba na raina maganar tabo, ko kusa. Akwai wata budurwa da kakarta ta kawo mana, ta zauna a kan benci ta dunƙule bakin hijabinta a ƙarƙashin haɓa da hannu ɗaya, ta ƙi saki har sai da abokiyar aikina mace ta rufe ƙofa. Ƙullutu ne a ƙarƙashin kunnen hagu, mai tauri, ba ya ciwo, yana motsi in an taɓa, kuma ta ce tun tana makarantar allo ta fara jin sa. Tun kafin in buɗe baki tsohuwar ta riga ni. Ta ce, "Malam, don girman Allah kada ka ce mana yanka. An sa mata rana bayan babbar salla. Dubi kunnenta." Na duba, sai ga wani tudun nama baƙi mai sheƙi a bayan fatar kunnen, daidai inda aka yi mata huji tana ƙarama. Na ce, "Inna, na gani, kuma tsoronki yana kan hanya." Irin wannan tabo mai tudu, wanda yake zarce iyakar raunin yana ƙaiƙayi, ya fi kama baƙar fata fiye da kowace fata, kuma wanda ya taɓa yin sa a wuri ɗaya yana iya sake yin sa a wani. Yarinyar da ke shirin shiga gidan miji da dangin miji da kishiya ba ta yi wauta ba in ta ji tsoron layin da zai zauna mata a fuska har tsufa. Abin da na iya gaya musu shi ne, likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sun daɗe suna ɓoye yankan wannan aiki a lungun gaban kunne su zagaya da shi baya zuwa cikin gashi, da hannu, ba tare da wata na'ura ba, kuma akwai allurar da ake yi wa tabon tun yana sabo domin a hana shi tashi. Na kuma gaya musu abin da ya fi tabon nauyi, wato irin wannan ƙari na ma'ajiyar yawu, in aka bar shi shekaru masu yawa, kaɗan daga cikinsa yakan rikiɗe ya zama daji, kuma duk girman da ya ƙara yana ƙara matse jijiyar fuska ne, yana ƙara wa mai cire shi wahala.

Nan ne maganar jira take rushewa. Na'urar nan, duk kyanta, a aikin wuya da ƙaramin ƙari ta dace. Ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta fitar da matsaya a 2016 cewa hanyoyin nesa sun dace ne da zaɓaɓɓun mutane, musamman wanda ƙullutunsa yake gefe ɗaya, bai kai santimita 3 ba, wato bai fi faɗin yatsu biyu ba, kuma a hannun likitan da ya saba da aikin ƙwarai. A Koriya hoton sikanin ne yake gano ƙullutu tun mai shi bai san da shi ba. Mu kuwa a nan, sai abu ya cika tafin hannu, sai ya fi ƙarfin mayafi, sai an gama da rubutu da turare da shafe-shafe, sannan a tuna da asibiti.

Wani magidanci ya zo mini da wayarsa a hannu yana nuna mini bidiyon, mahaifiyarsa tana zaune a bayansa a kan tabarma. Maƙoƙonta ya sauko har ya kusa taɓa ƙirji, jijiyoyin jini sun fito raɗa-raɗa a kansa, kuma ko daga inda nake ina jin numfashinta yana fita da ƙara. Ya ce, "Malam, ni dai da za a samu irin wannan, ko gona ce sai in sayar. Ba na son a sa wa Inna wuƙa." Na tambaye ta yadda take barci. Ta ce, "Ɗan nan, rabona da kwanciya rigingine na manta. A zaune nake kwana, na jingina da bango. Sujada ma in na yi sai in ji an shaƙe ni." Ƙaunar da ɗan nan yake yi wa uwarsa ita ta sa yake neman abin da ya ɗauka shi ne mafi sauƙi, kuma ban ga laifinsa ba. Amma ko da a Seoul take zaune, ba wanda zai taɓa wannan maƙoƙo ta hammata. Irin wanda ya nutsa bayan ƙashin ƙirji ya danne hanyar iska, buɗe wuya ake yi a fili, likita ya sa yatsunsa ya lallaɓo shi sama, yana jin taurinsa da bugun jijiyoyin da ke kewaye da shi. Wannan jin na yatsa ma yana cikin abin da na'urar ta daɗe ba ta da shi, domin sai a sabon samfurin da ya fito a 2024 aka fara mayar wa likita da ɗan nauyin abin da yake ja. Haka batun yake ga ƙarin ƙashin muƙamuƙi da likitocin haƙori da fuska suke yawan gani a Nijeriya, wanda yake kumbura haɓa ya watsa haƙora: sai an yanke ƙashin da ya lalace an dasa wani, kuma siraran hannuwan mutum-mutumi ba su da abin yi a wurin.

Batun kuɗi ba ya bukatar dogon bayani. Na'ura ɗaya takan ci tsakanin dala miliyan 1.5 zuwa miliyan 2.5, ban da kuɗin kula da ita na kowace shekara, kuma kayan da ake ɗaura wa hannuwanta suna da ƙayyadadden adadin aiki, galibi goma ko ɗan sama da haka, daga nan sai a sayi sababbi. Tana son wutar da ba ta ƙiftawa, da injiniya a kusa, da ayarin ma'aikatan da suka horu tare. Afirka ta Kudu ta samu tata ta farko a 2013 a wani asibitin mafitsara da ke Pretoria, a Nijeriya kuwa sai a 2025 aka ba da labarin fara irin wannan aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Legas, shi ma a kan ciwon furostet na maza. Yanzu Indiya da Sin da Ingila suna ƙera nasu, kuma gasa za ta sauko da farashi, abin da nake fata ƙwarai. Wasu sukan ce ai likita yana iya zama a wata ƙasa ya yi wa mutum aiki a nan. An taɓa yi, domin a watan Satumba na 2001 likita Jacques Marescaux yana New York ya cire wa wata mata jakar matsarmama tana Strasbourg ta ƙasar Faransa, amma a gefenta akwai cikakken ɗakin tiyata da likitoci a tsaye, da layin sadarwa na musamman da aka keɓe domin aikin.

Wannan cikakken ɗakin tiyata shi ne abin da muka fi rashi. Kwamitin da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke bukatarta, ya kuma sa ma'auni cewa kowane mutum dubu 100 su samu ƙwararru 20 na fiɗa da maganin barci da haihuwa. Da za a ba ni zaɓi a kan kuɗin na'ura ɗaya, da na zaɓi na'urar sikanin mai aiki a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, da mai ba da maganin barci, da iskar oksijin, da jini a ajiye, da mai duba nama a ɗakin gwaji wanda sakamakonsa zai dawo kafin mutum ya fid da rai. Ba don na ƙi ci gaba nake faɗin haka ba. Ina son ranar da manyan asibitocin koyarwa na Arewa za su mallaki na'urar domin ƙarin gindin harshe, inda amfaninta yake a fili. Amma ko a ranar, wanda zai ci moriyarta shi ne wanda aka gano nasa tun yana ƙarami, kuma wannan ganowa a ƙauye take farawa.

Akwai abubuwa biyu da suke hannunmu tun yau. Na farko gishiri ne. Babban abin da ke jawo maƙoƙo a duniya shi ne ƙarancin sinadarin aidin a abinci, kuma tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa shi a gishirin ci, har a 2005 ta zama ƙasar farko a Afirka da aka tabbatar ta cimma wannan buri. Sai dai sinadarin yana gudu in gishiri ya sha rana da danshi, don haka wanda ake zubewa a faranti a buɗe a kasuwa ana aunawa bai kai na cikin leda a rufe ba, kuma a gida ma a rufe ya kamata a ajiye shi, nesa da murhu. Na biyu, kada a bari a yi wa ƙullutun wuya ko na gefen fuska sakiya ko tsaga ko ƙaho. Ina girmama wanzamanmu, da yawansu ma su suke turo mana mutane in sun ga abin da ba nasu ba, amma ƙari ba maruru ba ne. In aka fasa jakar ƙarin ma'ajiyar yawu, ƙwayoyinsa sukan zube cikin naman da ke kewaye, bayan shekaru su tsiro a wurare da yawa maimakon wuri ɗaya, su nannaɗe jijiyar fuska, aikin da zai yi sauƙi ya koma wanda ƙwararru ma suke shakka.

Duk ƙullutun da ya wuce mako uku bai baje ba, a kai shi a duba, ko da ba ya ciwo. In kuwa yana girma da sauri, ko ya yi tauri ya kafe ba ya motsi, ko murya ta dishe ta ƙi dawowa, ko haɗiya ta yi wuya, ko baki ya fara karkacewa, ko mutum yana ramewa, to ba a kwana da shi. Wani kumburin wuyan ma tarin fuka ne ya kama kaluluwa, kuma maganinsa kyauta ne, ba ya bukatar wuƙa. Daga ƙaramin asibiti za a ba da takardar turawa zuwa babban asibiti, daga can kuma zuwa inda likitocin kunne da hanci da maƙogwaro da na fiɗa suke, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko manyan asibitocin Dutse da Birnin Kudu, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Za a yi sikanin, a auna jini in tayirod ne, sau da yawa kuma a tsira siririyar allura a zuƙo 'yan ƙwayoyi a duba kafin a yanke shawarar aiki. Ba kowane ƙullutu ake cirewa ba ma, wani sa masa ido kawai ake yi. Wanda za a yi wa aiki yana da haƙƙin ya tambayi likita inda yankan zai bi, da jijiyar da take cikin haɗari, da ko zai sha magani bayan aikin, domin wanda aka cire wa tayirod gaba ɗaya zai riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya har ƙarshen rayuwarsa, kuma barin ta yana jawo kasala da kumburin jiki da jin sanyi da mutuwar zuciya.

Bayan aiki akwai matakin da iyalai da yawa suke tsallakewa, wani lokaci saboda kuɗi ya ƙare, wani lokaci saboda ganin an riga an rabu da abin. Naman da aka cire, da hannu ne ko da na'ura, dole ne a sa shi cikin ruwan magani a kai ɗakin gwaji, a yanka shi siriri a duba ƙwayoyinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Hoton sikanin da allurar gwaji da idon likita duk hasashe mai ƙarfi suke bayarwa, amma wannan dubawa ce kaɗai take tabbatar da cewa ƙarin ba daji ba ne, da kuma ko an fitar da shi duka. Na sha ganin an dawo gida da robar naman a cikin jaka an binne ta a bayan ɗaki, ko an miƙa ta a ɗakin gwaji ba a koma karɓar takarda ba. Tun lokacin da ake lissafin kuɗin aiki da na mota da na abincin mai jinya, a ware kuɗin wannan gwaji, a wakilta mutum ɗaya a gidan wanda zai koma ya karɓo sakamakon ya kai wa likitan da ya yi aikin, a kuma adana kwafinsa tare da katin asibiti.